Bikin Ɗan Mai Agashe

A shekarar da aka kawo dinari aka ce a daina lissafi da fam, labarin ɗan maƙwabcina ya iso mana unguwar Haj Yusuf. Uban yana gasa agashe, tsiren garin nan, a kasuwar Omdurman. Yaron a wurina ya fara allo, bahago ne, kullum gefen hannunsa baƙi da tawada. Aka ɗauke shi soja, aka tura shi yaƙi a kudu, sai kawai aka ce ya rasu. Gawa ba ta zo ba.

Na yi alwala na tafi gaisuwa. A garin nan in ka shiga gidan rasuwa, hannu kake ɗagawa ka ce Fatiha, maigida ya ɗaga nasa, ku shafa tare. Ranar da mahaifina ya rasu, mutumin nan ya kashe wutar tukubarsa ya zo ya yi mini haka.

Rumfa na tarar da lasifika, ana waƙa, ana raba dabino da alewa. Wani saurayi cikin kaki ya tare ni da Larabci.

"Ya Haj, ba a Fatiha a nan. Mabruk ake cewa, barka ake yi. Shahidi ango ne, yau bikinsa a Aljanna."

Hannuna ya riga ya kai ƙirji. Na dubi uban, an sa masa sabon rawani, yana ta murmushi kamar wanda ake ɗauka hoto. A cikin gida mata suna guɗa, na kasa rarrabe ta da kuka. Na laluba abin da na karanta, ban tuna babin da ya yi maganar wannan ba. Ba mu wanke ba, ba mu sallata ba, ba mu binne ba. Na sauke hannu, na ce mabruk, na fito da dabino a tafina.

Shekaru muka yi muna gaisawa ta kan katanga, ba wanda ya ambaci yaron. Har yau ban san ko makoki aka yi a gidan ko biki ba.

Wata la'asar na bi ta gaban tukubarsa, ya kira ni. Ya tsufa, ɗan'uwansa ne ke juya naman.

"Malam, ina binka fa."

"Me, Alhaji?"

"Na zo maka ranar Baba. Kai ba ka zo mini ba."

Ya goge ƙuli-ƙulin hannunsa a riga. Muka ɗaga hannu cikin hayaƙi, masu keken raksha suna ta ƙaho a bayanmu. Da muka shafa sai ya ce, "To, yanzu ya rasu."