Dutsen kama wuri a anfi

Shekarar da 'yar wana ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, gidana a unguwar Kalley aka sauke ta. Ita ce ta fari a zuriyarmu da ta taka iniversite. Ubanta kuwa ya gindaya sharaɗi: shekara guda, in ba ta wuce ba ta koma ƙauye.

Ni tela ne, ban san komai a harkar ba, amma Allah ya yi ni da son ganin ƙwal uwar daka. Yarinyar nan da an sallame asuba ta fice, ta dawo da la'asar ƙafafu a kumbure. Wane irin karatu ne ke kumbura ƙafa?

Ranar da abin ya ishe ni na rufe shago, na goya ta a moto muka haye gada zuwa Harobanda, inda iniversiten take.

Anfi, wato babban ɗakin da suke ɗaukar darasi, ba kowa ciki tukuna. Amma kowane mazauni da abu a kansa: dutse, warin takalmi, murfin kwano. Ɗaliban da ke kwana a site, masaukin ɗalibai, su ke fara zuwa, mutum guda ya kama wa abokansa layi sukutum, ya koma barcinsa. Ita kuwa ta zagaya waje ta tsaya jikin taga, inda take tsayuwa tun da aka buɗe makaranta.

Raina ya ɓaci. Na zura hannu ta tagar zan ture wani dutse, ta riƙe ni.

"Baba, wurin mutum ne."

Sai na gane. A garinmu, in mace ta aje dutse a layin rijiya, dutsen nan ita ce. Ko ƙishirwa za ta kashe ka ba ka gusar da shi. Na janye hannuna, don mu muka koya mata.

Washegari na riga 'yan site. Tsoho da furfura, na aje ƙaton dutse a layin gaba na zauna gadinsa, samari na ta yi mani dariya. Ko a jikina.

Da ta dawo na ce, "To, yaya gaba?"

Ta ce:

"Baba, ashe duk abin da mushen, malamin namu, ke faɗa yana rubuta shi a allo. Daga taga ba a ganin allon."

Watanta na uku kenan da fara karatu.