Na Je Maraɗi Ɗauko Yayana

Katsina zuwa Jibiya

Ana sallame sallar asuba ranar Laraba na fito daga gidanmu na Ƙofar Durbi, zaɓen shugaban ƙasa kuwa Asabar. Inna ta ɗaure mini dambun nama in kai wa Yaya Sanusi, ta ja mini kunne kada in yi masa bakin nan nawa.

Shekararsa ta shida ke nan a Maraɗi. A da malamin makaranta ne a Katsina. Da soja suka soke wancan zaɓen ya faɗi abin da ke ransa a majalisar ƙofar gida, wani ya kai rahoto, 'yan farin kaya suka mai da teburin mai shayin da ke kallon zaurenmu wurin zamansu. Ranar da aka tafi da amininsa, shi ma ya tsallake iyaka. Ina aji ɗaya na sakandare a lokacin, kuma shi ke kai ni makaranta a kan kekensa.

A tasha, motarmu Fijo ba ta cika ba sai ƙarfe bakwai. A shingen kusa da Jibiya wani soja ya juya katin zaɓena gaba da baya, ya tambayi abin da zai fitar da ni daga ƙasa ana gab da zaɓe. Na ce ban ga inda aka rubuta mai kati ba ya ziyara ba. Da muka wuce, direbanmu Malam Iro ya ce, "Ɗiyata, ki bari su miƙa mulkin tukuna."

Maraɗi

Kafin azahar na same shi a shagon atamfar da yake tsaro. Furfura ta fito masa. Ya ci dambun tsinke-tsinke kamar mai tsoron ya ƙare, yana tambayar dalbejiyar ƙofar gida, da ladanin unguwa, da ko ana zama wurin mai shayi har yanzu. Kafin ya yi wannan tambayar ta ƙarshe sai da ya ƙara muryar rediyo. A wata ƙasa fa!

Na ce masa an saki mutane, wasu sun dawo. Wannan karon kuma ba layi za a ja bayan hoton ɗan takara ana ƙare wa mutum kallo ba; kai kaɗai za ka dangwala, ka ninke. Ya ce ai ba shi da kati. Na ce kati Inna ta aiko ni nema?

"Rabi, soja za su koma bariki," ya ce. "Masu kai rahoto a unguwa suke kwana."

Nan na manta jan kunnen. Na ce idon Inna ya fara hazo, in ya ƙara shekara ba za ta gane fuskarsa ba. Ya juya ya hau ninke atamfa. Na kwana wurin matar mai shagon, ko tuwon ban taɓa ba.

Hanyar dawowa

Da safe ya ce zai raka ni tasha. A tasha ya ce ba a ajiye ƙanwa kamar buhun gero, ya shigo motar, wai sai bakin gari. Bakin gari ya wuce bai ce a tsaya ba, ni kuwa na ja bakina, karon farko a rayuwata. A Ɗan Isa, inda jandarmomi ke duba takardu, ya sauka. Ya daɗe yana kallon titin da ya nufi Jibiya, sannan ya ce rakiya ta ƙare, in gaida Inna.

Katsina

Na iso da la'asar. Inna ta dubi bayana, ta koma ɗaki.

Asabar na riƙe hannunta muka je rumfa. Ba wanda ya leƙa takardata. Wani mai baƙin tabarau na tsaye gindin bishiya, na ɗaga masa babban yatsana mai tawada ya gani da kyau.

Sai a hanyar gida ta tambaye ni inda ya tsaya da rakiyar. Na ce Ɗan Isa, bakin iyaka.

"Da kawunki ya je, ko ƙofar shago bai raka shi ba," ta ce. "Bayan Sallah ki koma."

Na gode wa Allah da ya dawo da ni lafiya, na gode wa Malam Iro. Na riga na gaya masa ya ajiye mini gidan gaba, mai cin mutum biyu.