Baba Manjagara da Ganyen Tafki

Baba Manjagara ya sami laƙabinsa ne a tafkin bayan gidansa, inda masu wanke zinariya suka taɓa zubar da zaiba, ruwan ƙarfen da suke tace zinariya da shi. Masu gwajin ruwa suka bayyana masa cewa ruɓaɓɓen ganye ne abincin ƙwayoyin da ke cikin laka, su kuma suke mayar da zaiba gubar da ke taruwa a jikin kifi. Nan take ya hana iyalinsa kifin, ya ɗauki manjagara.

"Malam, ɗakinka bai san tsintsiya ba, kana share wa kwaɗi tsakar gida!" in ji matarsa.

"Kwaɗi ba sa tsegumi, uwargida."

Shekaru ya yi yana kwashe ganye kowace safiya. Ranar da gwaji ya nuna gubar ta ragu, ita ya fara miƙa wa kifi.