Malam Kalli, Mai Tambayar Masu Takaba

Kullum kafin a buɗe kotu a Gashuwa, Malam Kalli ya riga ya jingine kekensa ya share baranda. Masinja ne. In mutum ya rasu da bashi a kansa, shi ake aikawa ya gano abin da ya bari, a biya jama'a kafin a raba gado.

Wasu masinjojin a zaure suke tsayawa, abin da maza suka faɗa shi ke nan. Shi kuwa sai ya yi sallama har ƙofar mai takaba, ya juya baya, ya ce, "Baiwar Allah, a kayan gidan nan wanne ne naki?" Ku tambayi Falmata ta Nguru, da wannan tambayar keken ɗinkinta ya tsira.

Ni Maiturare, ni ma ya tambaye ni. Shekarar da soja suka sauka daga mulki mijina ya rasu, bashin hatsi har wuya. Ina ɗaki, ba halin fita, ƙanensa Hashim ya nuna wa masu bin bashi fadamata ta Katuzu. Fadamar da ubana ya bar mini!

Malam Kalli ya ce, "Alhaji, bashin mamaci a dukiyar mamaci yake. Mai wannan gonar da ranta."

Hashim ya ce, "Kai, mai keke, za ka koya mini gidanmu?"

Ya ce, "Keken dai nawa ne, Alhaji. Gonar kuma tata ce."

Duk da haka kafin in fita takaba Hashim ya sayar. Tun daga nan nake jele a kotu. Masu shaidata wasu sun mutu, wasu bakinsu ya mutu.

Watan jiya Malam Kalli ya yi ritaya. Aka ce mini, to, gatanki ya tafi. Sai ga shi a ƙofata, ya ce, "Yaya, da ina masinja sun ce ba ni da bakin shaida. Yanzu ina da shi."

Kai ne bangon marasa bango, Kalli. Ba abin da zan ba ka, sai Allah Ya saka maka, Ya sa ka gama lafiya. Ku da kuka gaje shi, ku ji tsoron Allah, ku yi irin tasa, mace a takaba ba gawa ba ce.

Kai kuma Hashim, ranar Talata ka zo kotu da wuri.