Fastar da Na Kushe a Belbeji

Gari bai gama wayewa ba muka bar Damagaram ranar Juma'a, ni da taubashina, a tsohuwar motarsa wadda ƙofar gefen fasinja ba ta buɗuwa sai daga waje. Ku da kuke bin shafina kun san bangon shagona na ɗinki, kun kuma san cutar da ke damuna: ƙananan fastocin finafinai, waɗanda mu nan muke kira afish, masu faɗin littafin ɗan lakwal, wato ɗan makaranta. Su ma ba na kowane fim ba, sai na sararin samaniya, na jiragen da ke zuwa wasu duniyoyi da mutanen ƙarfe masu jan ido. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina tara su.

A tsakiyar bangon, daidai saman keken ɗinki, akwai gurbi. Wani fim ne mai kashi uku. Ina da fastar kashi na ɗaya da ta na uku, na bar wa ta biyu wurinta da ƙusa a kafe. Sau ɗaya na taɓa ganinta, ina yaro, a ƙofar gidan kallon unguwarmu: mace cikin fararen kayan 'yan sama jannati, tsaye a kan jan rairayi, farin wata guda biyu a samanta. Watan jiya wani direban babbar mota ya kawo ɗinki, ya tsaya yana duban bangon, sai ya ɗora yatsa a kan gurbin ya ce ya san inda 'yar'uwarsu take. Wai akwai wani tsoho a Belbeji da ya yi gidan kallo zamanin kaset, yana da akwati cike da su. Ranar sai da na haɗa wa wani hannun riga a baibai.

Taubashin nan nawa ɗan gwaggona ne, malamin dabbobi. Shi ma wai yana tara fastoci. Bara waccan ya fara, kuma a wurina ya gani. Har yau bai iya bambanta ta asali da wadda aka buga jiya a kanti ba, amma da yake albashi ya zauna, kowace tasa tana cikin firam na gilashi, nawa kuwa ƙusa da leda. Na ɗauke shi tafiyar nan don yana da mota, ba don wani dalili ba, kuma na faɗa masa a gabansa. Ya ce ba komai, bawa ai ba ya zaɓar ubangida.

Kaka ce, hanyar arewa ta yi kyau da ido. Dammunan gero jere a bakin gonaki, amalanken shanu suna jan su gida, rumbuna sabon yaɓe. Kwalta ta yi mana kirki a mafi yawan wurare, inda ta ƙi kuwa motar ta riƙa kuka kamar an taka ta. A Bakin Birji muka tsaya karin kumallo, shayi da burodi, muka ƙara da ƙosai mai zafi da wata mata ta naɗe mana a takardar jarrabawar wani ɗalibi. Taubashina ya karanta yana ci, ya ce yaron ya faɗi lissafi.

Da hantsi ya ɗaga muka shiga Tanut. Garin rairayi ne, ƙafa tana nutsewa, jakuna sun fi motoci sanin hanya. A kasuwa raƙuma suna durƙushe suna tuƙa kamar dattawan da suka gama jin ƙara. Buzaye da rawunansu suna sayar da cuku fari tas, da sauƙin da ya sa na tsine wa mai sayar mana a Damagaram a zuciyata. Gero ya sauko tunda sabo ya shigo. Fura a nan sai ka roƙa a sirka maka da ruwa, nono ya yi mata yawa. Na zaga rumfunan masu sa finafinai a waya ko zan yi tsintuwa, sai hotunan 'yan ƙwallo da 'yan kokawa.

Mun sauka gidan wani dattijon ikilisiya, abokin mahaifina. Uwargidansa ta shimfiɗa mana tabarmar kaba mai ratsin ja da baƙi, ta kawo dambu da zogale. Taubashina, da bakinsa ba ya da ƙofa, ya shafa tabarmar ya ce bai taɓa ganin saƙa mai kyau irin wannan ba. Washegari da safe sai muka tarar da ita a naɗe, jingine da motarmu. Ya yi ta rantse-rantse cewa ba roƙo ya yi ba. Dattijon ya ce, "Nan ƙasar Damargu ce, ɗana. Baƙo ya yaba abu, ya zama nasa. In ka bar ta ka zage mu." Na yi masa dariya har muka fita gari, ina kiransa maroƙin tabarma.

Daga Tanut zuwa Belbeji hanyar ƙasa ce, wani wuri jar ƙasa mai tsakuwa, wani wuri rairayin da sai an sauka an tura. Sau biyu na tura, shi yana zaune yana ba ni umarni ta taga. Muka bi gefen kwarin Tarka, inda ciyawa ta fara yin ruwan zinariya, garkunan Fulani suna gangarawa rijiyoyi, jajayen shanu masu ƙaho kamar hannun mai addu'a. A nan na ja masa kunne. Na ce in mun isa, ya kama bakinsa. Ni ne na san ciniki. Shekaruna nawa ina sayen yadi a kasuwa: wanda ya nuna so, an yanke shi, mai son kaya shi ke kushe su. Ya ce ya ji, zai zama kurma.

Ba mu sha wahalar samun gidan ba, kowa a Belbeji ya san tsohon mai bidiyo. Muka tarar da shi a zaure yana gyaran igiyar akuya, dogo, siriri, idonsa ɗaya ya yi fari. Aka yi gaisuwa mai tsawo, aka kawo ruwa, aka ɗora shayi. Ya ba mu labarin zamaninsa: tele ɗaya, wato talabijin, janareto ɗaya, benci takwas, da direbobin hanyar Agadas da ke kawo masa kaset, kowane da 'yar fastarsa. Wayar hannu ta zo ta kwashe masa 'yan kallo, ya koma gona da awaki. Sai da muka sha kofi na biyu ya shiga ciki ya jawo akwatin ƙarfe.

Ya naɗe fastocin a takardar buhun siminti saboda gara. Ya riƙa fito da su ɗaya bayan ɗaya: na karate, na Indiya, na kaboyi. Can ƙasa sai ga ta. Jan rairayi, farin kaya, wata guda biyu. Ta asali ce, da alamar ƙusa a kusurwa huɗu, launinta bai dishe ba ko kaɗan. Na kawar da kai don kada ya ga ta burge ni.

Na karɓa da yatsa biyu, na yamutsa fuska. Na ce gefenta ya ci. Na ce rana ta sha ta. Na juya bayanta na nuna wani ɗan tabo da sai an ƙura ido. Sai shaiɗan ya tuna mini karin kumallon jiya, na ce, "Baba, irin wannan ai a Damagaram ƙosai ake naɗewa da ita. Amma tunda mun zo, faɗi abin da za a ba ka."

Tsohon ya dubi fastar a hannuna. Ya miƙo hannu ya karɓe ta, ya ɗora a gwiwarsa yana shafe ta da gefen hannun riga. Ni kuwa a raina ina cewa ciniki ya fara kyau.

Sai kurman ya yi magana. Ya matso har gwiwarsa tana taɓa ta tsohon, ya ce, "Baba, ka yafe mini, an hana ni magana, amma na kasa. Ni ban taɓa ganin abu mai kyau kamar wannan ba. Ina matar nan take tsaye haka? Ta koma gida kuwa?"

Na taka masa ƙafa. Bai ko waiwayo ba.

Fuskar tsohon ta buɗe. Ya ce ranar da ya fara kafa wannan afish ɗin a ƙofa, makiyaya suka taru suna gardama. Wani Buzu ya rantse ya san wurin, hamadar Tenere ce, ya taɓa ratsa ta da raƙuma, sai dai a lokacin wata ɗaya ya gani. Ya ce kwana tara yana nuna fim ɗin, har mata suka aiko a yi musu nasu da rana. Ya ba da labarin tun daga faɗuwar jirginta har inda ta haƙa rijiya da hannunta, yana yi yana kwaikwayon tafiyar mutumin ƙarfe, taubashina yana ta "Kai! Sai me ya faru?" kamar ba shi ne ya yi barci ba ranar da na nuna masa kashi na ɗaya. Na zauna a gefe da shayina da ya huce.

Da ya gama, ya tashi ya samo kwali biyu, ya sa ta a tsakani, ya ɗaure da zare, ya ɗora a hannun taubashina. Ya ce, "Idona ya tafi, 'ya'yana ba su damu da ita ba. Ka kai ta inda za a dube ta."

Na yi wuf na sa hannu a aljihu, na ce ai ni ne mai nema, ni na taso takanas tun daga Damagaram, ko nawa ne zan biya. Ya dube ni da idon nan nasa mai gani, ba fushi, ya ce, "Ɗana, nan zaurena ne, kasuwa tana can gaba. Kuma ba zan ɗora maka abin da bai yi maka ba." Ya sa aka kawo mini cuku guda uku, ya ce in kai wa iyali.

Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ni na ji labari, ni na tura mota, ni na san darajarta. Kuma da yake shi ke tuƙi, wa zai riƙe ta? A cinyata ta yi tafiyar komawa gaba ɗaya. Duk ramin da muka faɗa sai ya ce, "Taubashi, riƙe da kyau, kada ƙosanka ya zube." Ba zan ɓoye muku ba, a wajen kwarin Tarka na dubi taga a buɗe, na dubi kwalin, na ji iska tana kirana. Abin da ya hana ni, na san in ta tashi ni zan fara fita a guje, ga shi ƙofata ba ta buɗuwa daga ciki. Ranar Lahadi muka yi sujada a Tanut, bakina yana waƙa, zuciyata tana cikin mota.

Da la'asar muka iso gida. Ya sauke ni a ƙofar shago da cukuna uku, ya wuce da tabarma da fasta. Bayan kwana biyu ya turo mini hotonta a falonsa, cikin firam, a tsakanin kalandar ikilisiya da hoton aurensa, kuma a karkace. Na san an ce hassada ga mai rabo taki ce. To, gonar taubashina bana ba ta buƙatar sayen taki.

Abin da na koyo a Damargu shi ne na ɗauki bakin kasuwa na shiga da shi gidan mutum. Shekara talatin tsohon nan yana kare takardar daga gara, yana jiran wanda zai ce masa ta yi kyau, ni kuwa da na fi kowa sanin haka na kira ta takardar ƙosai. Wannan ya fi rashin fastar yi mini ciwo, ko da yake rashin ma yana yi.

Jiya taubashin ya zo shago, mutane cike ana jiran ɗinki. Ya tsaya gaban bango, hannu a baya, ya dubi ta ɗaya, ya tsallake ƙusar, ya dubi ta uku. Sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Kai, taubashi! Ni ban taɓa ganin abu mai kyau kamar waɗannan biyun ba."

Kowa a shagon ya juyo yana dubana, don duk sun ji labarin tabarma. Na sunkuyar da kai na taka keke da ƙarfi, ba ko yadi a ƙarƙashin allura, na yi ta takawa har ya gaji ya tafi. Ya ce gobe zai dawo ya sake yabawa.