Miskilin da Ƙanwata Ta Rubuta

Littafin da na karanta na baya-bayan nan ƙanwata ce ta rubuta shi, wadda muke ciki ɗaya, kuma labarin aurenta ne ta zuba a ciki. Sai da na cinye shafi arba'in har na kushe shi kafin na gane labarinta ne. Ni fa, da nake cika baki cewa shafi uku sun ishe ni in san inda marubuciya ta dosa.

Tun ina aji biyu na sakandare nake karatun littattafan soyayya, lokacin ana ba da hayarsu a wani ɗan shago kusa da tsohuwar kasuwa. Kowane littafi da na ɗaya, na biyu, na uku, kuma na ukun kullum yana hannun wata marar tausayi da ta tafi da shi ƙauye. Yanzu duk sun koma cikin waya, shafi-shafi ake sakin su a guruf, mu kuma mu bi da sharhi. Ra'ayina kowa ya san shi. Ba na son littafin da jaruma ke kuka daga bango har bango. Ba na son wanda za a ɓata shafi biyu ana jera mana abin da ke kan tebur, sai ka ce koyon girki muka zo. Wanda na gama kafin azumi kuwa, mota ce ta buge jarumin ya manta kowa, har uwar da ta haife shi, amma bai manta hanyar ofishinsa ba. Na rubuta wa marubuciyar cewa ta ji tsoron Allah, ta cire ni daga guruf ɗin. Ko a jikina.

Ni dai a ba ni miskili. Namiji mai tsare gida, wanda magana ke yi wa wuya, a gaishe shi ya amsa da ka, ya shekara ba a ga haƙorinsa ba. Na san dai can tsakiyar littafi zazzaɓi zai kwantar da shi matar ta yi jinya, ko wani ya nuna yana son ta, sai ka ga gogan ya sauko yana bin ta yana rarrashi. Don wannan wurin kaɗai nake karatu. Duk waɗanda na fi so haka suke, akwai ma wanda na maimaita sau biyar. Ni na koya wa ƙanwata son su. Shekara shida na ba ta, tun ba ta iya haɗa baƙi ba nake ba ta labarinsu muna tsintar shinkafa a tsakar gida.

Da mai neman aurenta ya fito, wani mai fataucin shanu zuwa kudu, dogo, mai tsabta, motarsa fes, sai ta same ni ta ce ita fa shirunsa yana damunta. Zai zo zance ya zauna rabin awa, abin da zai ce bai wuce "lahiya?" ba. Na kwashe da dariya na ce, "Ke dai ba ki san arziki ba. Wanga ai irin na littahi na, Allah ya kawo miki har gida. Bari a ɗaura, ki ga yadda za shi sauko." Da bakina na faɗa. Ba wanda ya tilasta mata, amma maganata tana da nauyi a wurinta, kuma na san da haka.

Shekara uku da bikin sai ga saƙonta, wai ta fara rubutu, ta buɗe guruf, in shigo in duba mata. Wallahi na ji daɗi, har na jawo mata ƙawayena na makarantar da nake koyarwa. Jarumin nata miskili ne, na ce madalla, yarinya ta ɗauki karatu. Yana ɗakinsa matar tana falo zai turo mata saƙo a waya: "A dafa tuwo." Matar ta kunna rediyo a kicin tun safe don ta ji muryar mutum a gidan. Akwai inda ta zabga gishiri a miya da gangan, don ya yi mata faɗa, ya cinye tas ya wanke hannu ya tashi. Akwai inda ta saki faranti ya tarwatse a gabansa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake. Mata a guruf kuwa sai shewa suke: "Wayyo miskilinmu!" "Allah ya ba mu irinsa!" "Anti a ƙara mana shafi don Allah!"

Ni kuma haƙurina ya ƙare a shafi na arba'in. Na kira ta, ko gaisuwar kirki ban tsaya yi ba. Na ce littafinta ba ya tafiya. Na ce shafi arba'in mutum bai ce uffan ba, wannan ai ba miskili ba ne, gunki ne, kuma babu namijin da ke haka a duniya. Na ce jarumar tata ta cika sanyi, har haushi take ba ni. Na ce ta kwantar da shi ciwo kawai a wuce wurin, haka ake yi.

Ta ce, "To, Yaya. Zan gyara."

Ranar wata Asabar na je gidanta, can kan hanyar Wamakko, na kai mata ɗinkin da ta ba telana. Bayan azahar ne, rana kamar za ta tsaga kai. Muna zaune a falo sai ga maigidan ya shigo. Ya ce mini, "Sannu da zuwa," na amsa. Ita kuma ta sauko daga kujera ta ce masa sannu da dawowa. Ya wuce ta bai ko juyo ba, ya shige ɗaki. Ba a yi minti biyu ba wayarta da ke kan hannun kujera, kusa da gwiwar hannuna, ta yi haske. Ban yi niyyar dubawa ba, idona ne ya kai. "A kawo ruwa." Tsakaninsa da ita bai kai taku goma ba.

Ta ɗauki ruwan ta kai, ni kuma na miƙe na shiga kicin. Rediyo na kan taga yana ta magana shi kaɗai. Da ta dawo na jawo ƙofar na ce, "Tun yaushe?"

Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ce, "Tun farko. Da can dai yakan ce kalma ɗaya biyu. Yanzu wata bakwai ke nan ban ji muryarsa a kaina ba."

"Mi kika yi mai?"

"Na tambaya, Yaya. Na durƙusa na ba da haƙurin abin da ban sani ba. Bai ce ba."

Sai ta ɗan yi murmushi, tana goge bakin murhun da ba shi da datti, ta ce, "Ciwon da kika ce in sa mai, ai ya yi shi bara. Kwana tara ina jinya, ni ke ba shi kunu a baki. Da ya warke ya yi wanka ya tahi kara wurin shanunai."

Na so ƙasa ta buɗe in shige. Na riƙe hannunta. Kunya ta kama ni, da haushin kaina, da tsoro, domin sai a ranar na lura da yadda wuyanta ya zurma.

Daga can gidanmu na zarce, na sami Inna tana tankaɗe. Na zayyana mata komai. Ta ajiye rariya ta ce, "Shina bugunta?" Na ce a'a. "Shina hana mata abinci, ko sutura?" Na ce a'a. "To mi za mu ce ma mutane? Mun ɗauko ɗiyarmu don miji ba ya surutu?" Na ce Inna mutum fa yana iya mutuwa da shiru. Ta ce in rufe mata baki da zancen littafi, haihuwa ce ba ta zo ba, in ta zo komai zai daidaita. Amma na ga ta share ido da gefen zane.

Baba ya aika aka kira mijin nata. Ya zo, ya tuɓe takalmi tun daga ƙofar zaure, ya zauna a ƙasa kansa sunkuye, ya ce in sha Allah za a gyara. Baba har yabon ladabinsa ya yi. Abin da ya biyo baya shi ne mako biyu ko saƙon wayar bai turo mata ba. Na roƙi maigidana ya same shi su yi ta maza. Ya je ya dawo yana mamaki, wai awa guda mutumin ya yi yana ba shi labarin tsadar motar ɗaukar shanu da halin hanyar kudu, har da dariya. Ashe bakin yana nan, ita ce dai ba ta da rabo a ciki. Da maigidana ya taɓo zancen gida kuwa, sai ya ce lahiya lau suke, ya miƙa masa hannu.

Na ce wa ƙanwata ta tattaro kayanta ta zo wurina, ko na wata ɗaya ne. Ta ce, "In zo in ce mi? Baba ya ce in yi haƙuri, ke kin san ba ni tsallake maganarsa." Na yi faɗa, na yi kuka, na yi fushi na kwana uku ban kira ta ba, sai kuma na tuna wa nake yi wa shiru, na kira da sauri. Iyakar abin da na iya ke nan, kira. Ita kuma ta ci gaba da sakin shafi, mata suna ta guɗa suna jiran ranar da miskilinsu zai sauko. Na daina sharhi. Na ɗauko wancan littafin da na maimaita sau biyar don in huta, na kasa wuce rabi, ina ta kallon matar da ke zaune a falo tun shafin farko. Abin kunyar shi ne har yanzu ina son su.

Makon jiya da la'asar ina gyaran takardun ɗalibai ta kira ni. Ta ce masu karatu sun matsa mata, tana so ta rufe littafin. Ta kawo wurin da jarumin zai buɗe baki ya yi wa matarsa magana, kwana uku ke nan ta kasa rubuta layi ɗaya.

"Yaya, in maigidanki ya shigo gida, mi shika ce miki?"

Na fara jero mata irin kalaman da muka saba gani, su hasken idona da sauransu. Ta katse ni. "A'a, waɗanga na san su, na littahi na. Na gaske nika so."

Na tsaya ina tunani, don ban taɓa sauraren abin da kunnen kirki ba. Na ce, "Yakan ce, ina mutanen gidan? Kai, yau an sha rana. An kawo wuta kuwa? Mi anka dahwa?"

"Dakata in rubuta." Na ji ta tana maimaitawa a hankali, kalma kalma. "Sai kuma mi?"

"Shi ke nan fa."

"Kullum?"

Na ce kullum.

 Sannan ta ce, "Kai, Yaya. Kin ji daɗinki."