Ranar da na ƙara wa ordinata shekaru

"Kai, wannan ordinatar taka ba ta da tarbiyya!"

Yayana Sani ke nan, manomin albasa a Jiratawa, yana huci kan ordinatata, wato kwamfuta, a ɗakina nan Sabon Gari. Ya tono wani tsohon wasan harbe-harbe da suke bugawa a siber, shagon intanet, tun suna samari, ya gayyato abokinsa Idi daga Tibiri, wai yau za a raba raini.

Ordinatar Idi tsohuwa ce mai tsohon Windows XP, nan take wasa ya tashi. Tawa mai sabon Windows kuwa, wadda Yaya zai buga a kai, na danna, allo ya yi baƙi. Na sake, ta yi gurnani kamar injin ban ruwa, shiru.

Na ce, "Yaya, dabara ɗaya ta rage. Akwai inda zan taɓa, ta ce wa wasan ita ma XP ce."

Ya zaro ido. "Ƙarya za ka koya mata?"

Idi ya ce, "Haba Sani, kai da aka rage wa shekaru a takarda don ka shiga lakwal, ka yi boko? Bar ta ta ƙara nata."

Na taɓa, wasa ya tashi garau, muka haɗa ordinatocin da waya. Kafin Yaya ya tuna maɓallin gudu, Idi ya bindige shi. Aka sake, ya ƙara.

Yaya ya miƙe yana karkaɗe riga. "Mayar mata da shekarunta. Abin da aka gina kan ƙarya ba ya albarka."

Jama'a, ku yi mana alƙalanci: Idi ya ci, ko a soke wasa?